Ranar da Hajiya Ta Tsaya a Zaure

Ko zan manta komai na zamana a Birnin Kebbi, ranar sunan ɗana na fari ba za ta fita daga raina ba. Lokacin muna jihar Sakkwato.

Akwai wata Hajiya da nake yi wa gumin shinkafa. Mahaifinta ya bar mata gonaki a fadamar Zauro da jiragen ruwa a Argungu. Amma mijinta na fari ya rasu, na biyu ya karye a kasuwa, sai gari ya ɗauka farar ƙafa gare ta, wai duk gidan da ta taka sai asara ta biyo baya. Ana cin shinkafarta, ana gudun sawunta.

Ranar sunan da hantsi aka ce mini tana zaure. Na same ta tsaye riƙe da turmin atamfa, ko takalmi ba ta cire ba.

"Hajiya, ki shigo mana."

"A'a ɗiyata, amshi daga nan. Yaron ga ko atishawa ya yi, ni za a ce."

Ga shi tun safe jikin yaron da ɗan zafi. Ni kuwa Allah ya yi ni da yawan saƙe-saƙe. In na shigar da ita wani abu ya faru, ina zan sa kaina wurin dangin miji? In na bar ta a zaure, me zan ce wa Allah? Uwar mijina ta leƙo ta ce, "Ke, mi kike jira? Amshi ki yi godiya, Hajiya sauri takai."

Na kama hannun Hajiya na ja ta har ɗaki. Ta ɗauki yaron, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce rabon da a miƙa mata jariri har ta manta.

Kwanaki na yi ina taɓa goshin yaron ina istigfari. Ya warke sarai, yau ma shi ke riƙe da ni. Babu wanda ya ce ƙafar Hajiya ta kawo lafiya. Amma da akuyar maƙwabta ta mutu a makon sunan, har ɗaki aka biyo ni ana gaya mini dalili. Hajiya ta ji, ba ta sake zuwa sunan kowa ba, sai dai aike, har ta bar duniya.

Daga nan na gane, in mutane suka laƙa maka suna, ba sa ganin alherinka. Asara kaɗai suke jira.