Karatun da Orest Ya Bari a Kan Titi

Duk wanda ya taɓa aiki a garejin manyan motocin da ke gabashin garin Brandon ya san Orest Dubyk, ko da bai riƙe ainihin sunansa ba. Farfesa suke ce masa. Ƙato ne mai jan wuya da furfura a gemu, aljihun rigarsa kullum cike da gyaɗa mai gishiri, kuma in kana son ka ga ɓacin ransa to ka taɓa masa madubin mota. Tun yana saurayi ya shiga tirela, shekarar da fari ya sa mahaifinsa ya sayar da gonar alkama, kuma bai sake sanin wata sana'a ba. Hanya ɗaya yake bi, daga Brandon ya nufi yamma zuwa Regina ya sauke kaya ya juyo. Ya bi ta har yana iya gaya maka inda kwalta ta tsage bara.

Ya haura hamsin lokacin da likita ta fara yi masa maganar ciwon suga. Ta ce ciwon ya soma taɓa jijiyoyin idonsa, wata rana zai iya raba shi da lasisi. Wani da ya ji haka sai ya rage zaƙi ya ci gaba da sha'aninsa. Orest ya rage zaƙin, sannan ya je ya yi rajista da wata jami'a mai karatu daga nesa, irin wadda ba ta tambayar shekarunka, ba ta kuma cewa sai ka zauna a aji. Kai za ka zaɓi darussanka, tarihi ne, falsafa ce, rubutu ne, ka yi su sanda ka samu sarari, in sun cika a ba ka digiri.

Matarsa Lorna, wadda ke girki a gidan kula da tsofaffi, ta dube shi daga sama har ƙasa ranar da ya gaya mata.

"Falsafa? Kai da ko takardar maganinka sai na karanta maka?"

"Ai ba karantawa zan yi ba, saurara zan yi."

"To Allah ya ba da sa'a, tsoho. Ka dai fitar da shara kafin ka zama shehun malami."

Saurarar kuwa ya yi. Yakan sauke laccoci a wayarsa, yana fita daga gareji ya kunna daga farko. Da yake lokaci ɗaya yake tashi kuma gudu ɗaya yake yi, sai ya zamana kowace lacca a wuri ɗaya take samunsa. In ya kai Virden, inda injinan haƙo mai ke ta sunkuyawa suna ɗagowa a cikin gonaki, daular Rumawa ce ke rushewa. A Moosomin ake koya masa yadda ake kafa hujja. Kafin ya ga rumbun hatsin Whitewood talakawan Faransa sun yi bore. Ba shiru yake yi ba kuma. Yakan tsayar da laccar ya juya wa kujerar da ke damansa, wadda babu kowa a kai sai jakar abincinsa, ya maimaita mata darasin da ƙarfi, har da musu. Direbobin da ke wuce shi suna ganin bakinsa na motsi yana kaɗa yatsa, daga nan sunan Farfesa ya samo asali. Rubutun da ake ba shi ma a hanya yake faɗa wa waya ta rubuta, ya gyara in ya tsaya shan kofi. Da haka ya yi ta cin darussa ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, bai taɓa zama a tebur da sunan karatu ba, bai kuma ga wani aibu a hakan ba.

Ba don sha'awa kaɗai yake wannan wahala ba. A garejin akwai wata mata, Bev, wadda ke horar da sababbin direbobi tana kuma tsara ƙa'idojin kiyaye haɗari, za ta yi ritaya in ƙanƙara ta narke. Aikin ofis ne, ba ya bukatar ido mai hango nesa. Manajan, Darren Kehler, ya faɗa masa gaskiya.

"Ni da kai ba ɓoye-ɓoye, Farfesa. In da ni kaɗai ne da tuni na ba ka. Amma masu kamfanin yanzu takarda suke so. Ka kawo digiri kafin Bev ta tafi, kujera taka ce. In babu, za su turo wani daga birni wanda bai taɓa juya tirela da baya ba."

Saura darasi ɗaya ya rage masa, na ƙarshe, wanda ke tattara duk abin da mutum ya karanta. Jarrabawarsa ta baki ce: ka zauna gaban kwamfuta a ɗaki kai kaɗai, malamai su yi maka tambaya ka amsa. An sa ta a watan Afrilu.

Idon bai jira Afrilu ba. Tun tsakiyar sanyi wani duhu ya sauka a gefen idonsa na hagu, kamar an shafa wa gilashi man shanu. Bai gaya wa kowa ba, ya yi ta maza yana karkata kai. Wata safiya a watan Maris, rana na haska ƙanƙara har ido na yaji, yana dab da Moosomin yana yi wa kujerarsa bayani, sai ga wata ƙaramar motar manomi ɗauke da ciyawa a gabansa kamar daga ƙasa ta tsiro. Ya taka birki da duk ƙarfinsa, bayan tirelar ya yi gefe ya dawo. Manomin bai ma san abin da ya faru ba, har hannu ya ɗaga masa yana karya kwana zuwa gonarsa. Orest ya gangara gefen titi ya tsaya, laccar na ci gaba da magana ita kaɗai.

Shi ya kai kansa wurin likitar ido, wannan kam dole a yaba masa. Amma da ta gama dubawa ta ce doka ta tilasta mata sanar da hukuma, sai ƙaton nan ya shiga roƙo ba kunya.

"Likita, don Allah. Zuwa Afrilu kawai. Zan riƙa tafiya a hankali, da rana kaɗai."

"Da rana ka kusa taka mutum, Malam Dubyk. Ko ƙaramar mota ba za ka tuƙa ba."

Haka ya dawo gida a motar haya, abin da bai taɓa yi ba.

Da farko ya lallashi kansa cewa ai ya samu lokacin bita. Ya share teburin kicin, ya ajiye kofi, ya sa abin saurare a kunne. Maganar na shiga tana fita. Ya cire ya gwada faɗa da ka, ko kalma ta ƙi zuwa. Ya ce gajiya ce. Sai ranar da Malama Pelletier, mai kula da darasin, ta kira shi ta kwamfuta don gwaji, a nan ne ya gane ya shiga uku.

"Bari mu fara da mai sauƙi, Orest. Ka rubuto mini abu mai kyau kwanaki a kan rushewar Rum. Me ka ce ya fi cinye ta, maharan waje ko ruɓewar cikin gida?"

Ya buɗe baki. Abin da ya zo masa injin haƙo mai ne kawai yana sunkuyawa, sannan ya ɓace. Ya dubi firiji, ya dubi labule, gumi ya karyo masa.

"Na san shi, Malama. Wallahi na san shi."

"Na yarda ka sani. Ɗan numfasa."

"Yana Virden."

"Me ka ce?"

"Ba komai," ya ce, ya sunkuyar da kai.

Ta ce ana iya ɗaga jarrabawar zuwa kaka. Kaka kuwa Bev ta daɗe da tafiya, wani na kan kujerar.

Abin tausayi ne mutum ya gane bai ɓatar da iliminsa ba, ya san inda ya ajiye shi, amma an hana shi zuwa wurin. Ba abin da bai gwada ba. Ya zaga unguwa a ƙasa yana saurare, sai santsi ya kusa kayar da shi. Ya shimfiɗa taswira ya bi hanyar da yatsa, layin ya narke a idonsa. Ya daina cin abincin kirki, ko perogi, curin fulawar nan mai dankali a ciki da Lorna ke soya masa da albasa, sai ya juya cokali ya tashi. Wata rana ta dawo daga aiki ta same shi cikin motarta a rumfa, inji a kashe, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon bango yana motsa baki. Ta koma ciki ta bar shi.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa, ranar Asabar da safe, ta ji ƙarar makulli a bakin ƙofa. Ta fito da rigar barci ta tarar da shi ya sa hular aiki.

"Ina zuwa?"

"Virden kawai. In je in dawo."

"Da wane idon?"

"Lorna, hanyar nan ko a rufe nake zan bi ta."

"Ai na sani. Wanda zai shigo gabanka ne bai sani ba. Ajiye makullina."

"Ke ba ki gane ba ne!" Muryarsa ta tashi har karen maƙwabta ya amsa. "In ban ci jarrabawar nan ba, ni wane ne? Ba direba ba, ba ɗan ofis ba. Ƙaton banza a kujera, kina dawowa daga ciyar da tsofaffi ki tarar da wani yana jiranki!"

Ta kalle shi. Idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba. Ta miƙa hannu, ya daɗe kafin ya sa mata makullin a tafi.

"Jira in sa takalmi," ta ce.

Kowa a unguwar ya san Lorna ba ta hawa babban titi. Daga gida zuwa aiki, daga aiki zuwa coci da kanti, iyakar tuƙinta ke nan, kuma tsoron tireloli take yi kamar ba da su aka ciyar da ita ba. Ta matso da kujera har ƙirjinta na taɓa sitiyari, ta hau titin tana rarrafe. Manyan motoci na wuce su suna girgiza 'yar motar, wata ma ta kamfaninsu ce, Orest ya juyar da fuska don kar a gane shi.

Ga shi a kujerar dama, kujerar jakar abinci. Komai ya sauya. Motar ta yi ƙasa da yawa, gonakin da yake hangowa daga sama yanzu farin bango ne kawai, ƙafarsa sai neman birki take yi a inda babu. Ya jira darasi ya zo, bai zo ba. Alluna na wucewa kore-kore, rubutunsu a dame. Ya kasa kunne ko zai gane wurin da ƙarar kwalta, amma tayar ƙaramar mota ba ta faɗa masa komai ba. Sun yi tafiya mai nisa a haka. In nan ma babu, to babu ke nan.

Ya share maƙogwaro. Tun da ya fara tuƙi bai taɓa yi wa wani mahaluki wannan tambayar a kan wannan titin ba.

"Lorna... ina muke?"

Ba ta dube shi ba, ta kuma kyauta. "Mun kusa Virden. Ga injinan nan naka masu gaisuwa a dama."

Ya juya kai da idonsa mai ɗan sauƙi. Wani baƙin abu ya sunkuya, ya ɗago. Sai bakinsa ya buɗe da kansa. Sojojin haya da ba a biya ba, haraji da ya kori manoma daga gonakinsu, sarakuna da ke kashe juna, iyaka mai tsawon da ba mai iya tsarewa. Yana zubowa da sauri, hawaye na bin gemunsa, yana tsoron kar su wuce garin abin ya yanke.

"Tsaya, tsaya," in ji Lorna. "Ban gane ko ɗaya ba. Ni ba jakar abincinka ba ce. Su manoman me ya kore su?"

"Lorna, za mu wuce!"

"To mu wuce mana. Ni dai ka faɗa mini yadda zan gane, in ba haka ba in juya gida."

Ya dafe kai. Sannan ya fara daga farko, a hankali, ya ce ta tuna shekarar da mahaifinsa ya sayar da gona, ta ɗauka ƙasa guda ce ta yi haka a lokaci ɗaya. Ta ce to wa zai noma abin da sojoji za su ci? Ya ce yauwa, tambayar ke nan. Ta yi musu, ya kawo hujja, ta ce hujjar ba ta ƙoshi ba, ya kawo wata. Har ta manta ta ɗan ƙara gudu.

Yana tsakiyar magana ya waiga dama. Babu injin ko ɗaya, fili ne fetal.

"Ina muke yanzu?"

"Oho. Mun daɗe da barin Virden. Ka ce sai sarkin ya yi me?"

Ya rufe idanunsa duka biyu, don ya gani ko abin zai gudu. Yana nan.

"Sai ya raba ƙasar biyu," ya ce. "Ki riƙe hannunki na dama, akwai tirela a bayanki. Ina jin ta."