Jan Layin Surukina

Surukina ya yi shekara talatin a masaƙa kafin a rufe ta, kuma cikin abin da ya tsira da shi har da hannun jarin wani babban kamfanin inshora. Takardun sun daɗe cikin tsohuwar jaka a gidansu na Sabon Tasha, ba mai taɓawa. Da matata ta saya masa babbar waya, wani ɗan cocinsu ya nuna masa inda ake ganin farashi kullum, sai zaman gidan ya canja.

Ran da farashi ya hau, Baba ya yi ta raha, har ya sayo tsire a kawo wa kowa. Ran da ya sauka kuwa, ko faten acha da yake so ba ya kallo.

Wata Lahadi bayan sujada muka je gaisuwa, Mama ta ja ni kicin.

"Malam, kai ne mai lissafi," ta ce. "Ko ka raba shi da wayar nan, ko ka koya masa yadda zai duba ta kuma ya ci abinci."

Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Narayi, amma ban san komai kan kasuwar hannun jari ba. Sai na tambayi malamarmu ta tattalin arziki. Ta ce masu haƙuri ba sa bin farashin rana ɗaya. Suna haɗa na kwana ɗari biyu da suka wuce, su raba gida ɗari biyu, su sami matsakaici. Gobe a cire rana mafi tsufa, a sa sabuwa. Idan aka zana, layi ne mai tafiya a hankali, yana nuna inda kamfani ya dosa.

Na ɗauka zan sha wuya wajen yi wa Baba bayani. Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu.

"Ai haka muke yi a masaƙa. Ba a yanke wa inji hukunci da yadin rana ɗaya. Kawo takarda."

Asabar biyu muka yi a baranda, ina karanto tsofaffin farashi daga waya, yana rubutawa. Ya manna takardu masu gida-gida a jikin falanki. Shuɗin biro na farashin kullum ne, ja na matsakaici. Shuɗin ya yi ta tsalle sama da ƙasa, jan kuwa yana hawa sannu kamar tsoho a kan tudu. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe duk ranakun da na ƙi cin abinci, wannan hawa yake yi," ya ce.

Daga nan kowace yamma, idan kasuwa ta tashi, sai ya ɗiga ɗigo biyu ya ajiye wayar. Wani amininsa da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa yakan hau keke daga Unguwar Boro don kawai ya ga layin, alhali ba shi da hannun jari ko ɗaya. Shi ne ma mai yawan gardama.

Da damina ta yi nisa, shuɗi ya faɗo ƙasan ja, ya zauna. Mako ɗaya, mako uku. Dillalin Baba ya bugo waya ya ce a sayar. Ni ma na ce haka aka koya mini, irin wannan faɗuwa alama ce ta hattara.

"Layin ya faɗa mini abin da ya faru," in ji Baba, "bai faɗa mini dalili ba. Jibi ka raka ni."

Ya sa kaftaninsa na Lahadi, muka haye gadar kogi zuwa ofishin kamfanin a cikin gari. Bai nemi kowa ba da farko. Ya sami kujera a ɗakin jira, muka zauna kusan awa ɗaya yana sauraron mutane. Akwai wata mata da ruwa ya shiga shagonta, da wani mai bas biyu. Duka an gama da su sun fita ba tare da hayaniya ba. Sannan ya miƙe ya je wurin wata ma'aikaciya.

"'Yata, ina cikin masu kamfanin nan. Na zo duba dukiyata."

Ta yi dariya, ta ba shi wurin zama, ta kawo masa rahoton shekara da ruwan sanyi. A bas na karanta masa abin da na iya fahimta. Kamfanin ya biya diyya mai yawa, riba ta ragu, amma masu shiga inshora sun ƙaru.

"Wanda ke biyan mutane haƙƙinsu ba zai rasa ciniki ba," ya ce. "Ba zan sayar ba sai jan da kansa ya sunkuya."

Jan bai sunkuya ba. Ya kwanta dai, ya miƙe sambal har aka fara girbi. Kafin Kirsimeti shuɗi ya sake hayewa sama. Har yau ban sani ba ko basirar Baba ce ko sa'a, domin malamarmu ta ce akwai kamfanonin da suka faɗa ƙasan layin ba su dawo ba. Na gaya masa haka wata rana muna cin abinci. Ya ce ya ji, ya kuma ce in ƙara shinkafa.

Shekarar da ta biyo, da shuɗi ya yi wa ja nisa sosai, ya sayar da kashi ɗaya cikin huɗu ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gida. Maƙwabta na ɗiba kyauta.

Kwanan baya na tarar da falanki na biyu a baranda, rubutun kuma ba nasa ba ne. Na tambaya. Mama ta fito tana goge hannu da zane, ta ce nata ne, farashin buhun masara take bi a kasuwar Sabon Tasha, don ta san lokacin saye.

"Kwana nawa kike haɗawa, Mama?"

"Talatin. Masara ba ta jiran kwana ɗari biyu, ƙwari za su cinye ta."