Jegon da Bai Kai Arba'in Ba

Takalmin na fara gani da na sauko daga motar makaranta. Baƙi ne mai duwatsu, an ajiye shi a karkace a ƙofar gidanmu na unguwar Al Thumama a Doha. Na san mai shi: Hajiya, matar wani likita, 'yar unguwarsu Kaka a Kano. Kusan kowace Juma'a sai sun yi waya da Kaka. Na tsaya da jakata a baya, zafin rana yana cin ƙafata ta cikin safa, na kasa shiga.

Umma ba ta gida, kuma ƙanina ko wata guda bai yi a duniya ba.

Aikin bincike Umma take yi a wata jami'a, irin wanda ake ɗaukar mutum bayan ya gama digirin digirgir. Ba ɗaliba ba ce, ba kuma cikakkiyar malama ba, shi ya sa babu hutun haihuwa a yarjejeniyarta. Abin da aka ba ta shi ne hutun inshora na wanda ciwo ya kwantar na ɗan lokaci, irin na wanda ya karye a ƙafa. Likita ya duba ya ce ta warke, hutu ya ƙare. Zamanmu a ƙasar kuma da aikin nan yake rataye. Sai ta koma, tana barin jaririn wajen maƙwabciyarmu 'yar Sudan.

Kaka ba ta sani ba. A wajenta mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in. Kullum da safe Umma takan ɗaura zani da ɗankwali ta zauna a bakin gado, ni kuma in riƙe waya mu kira Kaka ta bidiyo, ina karkata ta don kada jakar aiki ta fito. Kaka ta tambayi wanka, Umma ta ce ai ruwan tankin Doha da kansa yake tafasa, ba a neman itace. Su yi dariya. Ana kashewa ta zura abaya.

Da na shiga falo, Hajiya tana zaune da jaririn a cinya, ga kula biyu a gabanta. Maƙwabciyarmu tana tsaye a bakin kicin, tana murza hannu. Na durƙusa na gaishe ta.

“'Yan boko an dawo? Kin ga kishiyarki nan ta kawo kunun kanwa da farfesu. Ina mai jegon?”

“Tana wanka,” na ce.

Ban shirya faɗin haka ba, fitowa kawai ta yi. Hajiya ta dube ni ta saman gilashinta.

“To, madalla. A gasa jiki da kyau.”

Ta ci gaba da yi wa jaririn wasa. Daga inda nake ina hango ƙofar banɗaki a buɗe, fitila a kashe, tayil a bushe ƙarau. Ita ma tana hangowa. Da ya fara kuka, maƙwabciyarmu ta buɗe firiji ta ɗauko kwalbar nonon da Umma ta tatsa da asuba, ta ɗumama a kofi. Hajiya ta karɓa ta ɗiga a bayan hannunta, ta ba shi. Daga baya na ji cewa tun isowarta maƙwabciyar ta gaya mata da Larabci Umma tana wajen aiki.

Ana kiran la'asar mukulli ya motsa. Umma ta shigo da katin aiki a wuya, gaban abayarta ya jiƙe wuri biyu. Ta ga Hajiya, ta ɗora jaka a ƙirji.

“Sannu da fitowa daga wanka,” in ji Hajiya. “Wannan banɗaki naku da nisa yake.”

Umma ta juyo ta kalle ni. Ta ajiye jakar. Ta durƙusa har ƙasa, ta fara bayanin inshora da likita.

“Khalas, ya isa haka, tashi. Wanke hannu ki karɓi ɗanki, ki sha kunun nan tun da zafinsa. Ke da kika yi karatu har ya ƙare, a ce ƙafafunki sun kumbura haka?”

Umma ta sha kofi biyu a zaune a ƙasa, kanta a sunkuye. Ni ina bakin labule, ina jin kamar ni na tona ta.

Da Hajiya ta tashi tafiya, aka ce in raka ta da kulolin. Direbanta ya buɗe but ɗin mota na saka. Ni da ba na iya haɗa ido da manya, sai na ga hannuna ya riƙe gefen mayafinta.

“Mene ne, 'yar nan?”

“Hajiya, don Allah in kun yi waya da Kaka ran Juma'a, kada ki ce kin zo ba ki same ta ba. Ki ce kin ga ta sha kunu.”