Hannun Ƙarfen da Na Ƙera wa Babur ɗin Yaya

Babur ɗin na kamfanin kuza ne, amma duk Riruwai babur ɗin Yaya ake ce masa. Wannan kuwa 'yan shekaru ne kafin a ba mu mulkin kai, lokacin da in babur ya wuce har mata sukan leƙo ta saman danga. Wani Bature ne ya hau shi har ya gaji, da zai koma ƙasarsu ya bar shi a ofis. Sai aka nemi masinjan da zai riƙa kai wasiƙu Tudun Wada yana dawowa da magunguna.

Tari ne ya samar wa yayana aikin. Ya daɗe a ramin kuza, tsaye cikin ruwa har gwiwa, har ƙirjinsa ya lalace. Akawun ofis ya ji tausayinsa ya sa baki aka ɗauke shi. Amma tun ranar farko ba a ɓoye masa komai ba: kamfani ba zai sayi wani babur ba. Ranar da wannan ya mutu, lori zai riƙa ɗaukar wasiƙun, shi kuma ya koma rami, don gonarmu ba ta isa ta ciyar da gida biyu ba.

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, na haɗa da gyaran keke, kuma a lokacin ina ji da kaina fiye da kima. Da na gyara wa mutum birki sai in ga ba injin da zai gagare ni.

A damina ta biyu sarƙar babur ɗin ta saki. An ja tayar baya har ta kai iyaka, sarƙar ba ta daina lilo ba, da ya faɗa rami sai ta zame daga haƙoranta. An rubuta takarda a aiko da sabuwa, aka ce sai jirgin ruwa ya zo. Mun san ma'anar wannan magana. Wata ranar Laraba Yaya ya turo babur ɗin har ƙofar maƙera, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, ya zauna a kan kututture yana haki.

"Sau tara na sauka tsakanin Doguwa da nan," in ji shi. "Kai da kake cika mana baki, ga ranarka."

Na kwana biyu ina kallon sarƙar nan. Dabarar da ta zo mini ita ce a samu wani abu da zai riƙa tallafe ta daga ƙasa yana tura ta sama, kamar yadda ake sa wa reshen da ya yi nauyi gwafa. Na ciro cibiyar tayar wani mataccen keke na naɗe ta da robar tayar lori, ta zama ɗan gare-garen da sarƙa za ta riƙa bi ta kai. Sifirin da zai riƙa tura gare-garen sama kuwa na ciro shi daga tsohon gadon ƙarfe da kukun Baturen ya yar a bola. Saura hannun da zai riƙe su, shi na yanko daga ƙarfen sifirin lori, na lanƙwasa shi a wuta, na huda shi wuri biyu.

Babanmu yana zaune a inda ya saba, gefen zugazugi. Idonsa ya riga ya yi rauni, amma kunnensa ya san duk abin da masaɓa take yi. Da ya ji na ajiye hannun a ƙasa don ya huce da kansa, sai ya ɗago kai.

"Ban ji ka ba shi ruwa ba."

"Baba, wannan ƙarfen mota ne."

"Na mota ko na jirgi, a gidan nan ba a taɓa fitar da ƙarfe bai sha ruwa ba. Fartanya ma ana ba ta, balle abin da ɗan'uwanka zai hau? So kake ya lanƙwashe a hanya?"

Haka muka gada. Duk abin da aka ƙera, ana tsoma shi a ruwa yana ja-wur don ya yi tauri. Ni kuwa na san ƙarfen mota ba halinsu ɗaya da namu ba, don na taɓa yin wuƙa da shi, na tsoma ta, ta faɗi a kan dutse ta rabe biyu. Na sani sarai. Amma akwai manoma uku zaune suna jiran garmunansu, kuma ban taɓa mayar wa Baba magana a gaban mutane ba. Na mayar da hannun cikin wuta, na ɗauko shi da awartaki na tsoma a kaskon ruwa. Baba ya ji ƙarar ya ce madalla.

Abin haushi, abin ya yi aiki. Sarƙa ta miƙe, ƙarar da take yi ta ɓace, Yaya ya zaga kasuwa sau biyu yana ɗaga wa mutane hannu kamar ango. Ya je Tudun Wada ya dawo sau huɗu bai sauka ko sau ɗaya ba. Har na fara gaya wa kaina wataƙila Baba ne da gaskiya. Sau da yawa na yi niyyar in ƙera wani a ɓoye in musanya, sai in ce gobe.

A tafiya ta biyar, a gangaren duwatsun da ke gab da Doguwa, hannun ya karye. Guntun ya shige tsakanin sarƙa da haƙora, sarƙar ta tsinke ta daki injin ta fasa shi, mai ya tsiyaye a ƙasa. Yaya ya tsira da ƙujewa a gwiwa. A bayan lori aka dawo da shi da babur ɗin, jakar wasiƙu a cinyarsa. Makanikin kamfani ya duba sau ɗaya ya girgiza kai, aka jingine babur ɗin a bayan sito.

Na so Yaya ya zage ni, ko ya mare ni, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Na buɗe baki zan gaya masa abin da ya faru a maƙera, ya ce, "Bar shi, ƙanena. Ai ka ƙara mini sati biyu." Baba kuma har ya bar duniya yana cewa ƙarfen Turawa ne ba shi da albarka, ban taɓa gyara masa ba.

Bayan sati guda Yaya ya zo maƙera da safe. Ya jira tarin ya lafa, sannan ya ce shugaban leburori ya ce ya fito ranar Asabar, amma kowa da digarsa yake zuwa, tasa kuwa ya bayar tun ranar da ya hau babur.

Ni na ƙera masa digar. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarta ba, ina dukanta ina kuka, ina cewa hayaƙin gawayi ne. Yaya bai ga damina biyu a ramin ba. Digar kuwa ko lanƙwasa ba ta yi ba, wani lebura ne ya kawo mana ita gida bayan sadakar bakwai.