Jajayen Allurai a Taswirar Sitra

Shekara talatin da ɗaya Hajiya Makkiyya tana haɗa aure a tsibirin Sitra. Ba ta iya karatu ba, amma ta san wanda ya haifi kowa tun daga kakannin da suka yi nutso neman lu'ulu'u. Dokarta ɗaya ce: ɗan uwa ya auri 'yar uwa, jinin da aka sani ya fi. Ita ma ɗan baffanta ta aura, ta binne ɗanta Radi yana da shekara sha tara, ta ce kwanansa ne ya ƙare.

Da gwamnati ta fito da shirin yaƙi da sikila a tsibirin, sai ma'aikatan lafiya suka rasa yadda za su gane dangantakar gidaje. Najiba, malamar asibiti, ta aika a ɗauko tsohuwar, aka ba ta gahawa da dabino, aka zaunar da ita gaban taswira. Kowane gida mai yaron sikila an soka masa jar allura.

"Ummu Radi, wannan gidan wa ya auri wa?"

"Gidan Mirza mai kifi ne, 'yar gwaggonsa ya aura. Ni na haɗa. Ke ma da kin saurare ni da yanzu kina da goyo."

Najiba ta yi dariya, ta nuna na gaba. Shi ma ita ta haɗa, haka na bayansa. A allura ta sha huɗu Najiba ta daina dariya, tsohuwar kuma ta ci gaba da jero sunaye kamar mai lissafin kayan miya. Ba ta ji baƙin ciki ba. Ba ta ji komai ba.

Saura sati uku bikin jikarta Sakina da Jawad, ɗan kawun yarinyar. Wannan ma aikinta ne. Ta ja su asibiti da kanta aka ɗebi jini, sakamako ya nuna dukansu suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Najiba ta ce kowane ciki, ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa da cutar.

Makkiyya ba ta taɓa warware abin da ta ƙulla ba, amma ta je ta ce a fasa. Uban Jawad ya ce tsufa ya taɓa ta. Ta koma kan yarinyar.

"Kaka, uku fa lafiya lau," in ji Sakina. "Ke kika ce min tun ina sakandare Jawad ne mijina. Yanzu da na so shi za ki ce in daina?"

"Ba ki ga yadda kawunki Radi ya tafi ba."

"Allah ne mai yi, Kaka."

Abin da ita ma take gaya wa iyaye ke nan shekara da shekaru. Aka yi biki, ita ta sa wa amarya lalle. Daga ranar ba ta ƙara haɗa kowa ba.

Bara Sakina ta haifi namiji, ta ƙi a gwada shi. Najiba ta ce in cutar ce, yatsu ke fara kumbura wajen wata shida. Kullum da safe tsohuwar takan je ta karɓi yaron, ta buɗe hannunsa tana latsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sakina na ganinta, sai ta juya baya ta hau wanke-wanke. Jiya ya cika wata biyar.