Sallar da Muka Ci a Bakin Ƙofar Wurin Wasa

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, a Disambar 2008, ina shekara tara, muka isa wani wurin wasa da ke tsakanin Birmingham da Manchester, muka tarar an naɗe ƙofarsa da sarƙa an datse da kwaɗo. Filin ajiye motoci ya kai girman unguwa guda, amma ba kowa a ciki sai motarmu da ta Baffa Lawan, ƙanin Abba, wanda ya taso da iyalinsa daga Manchester. Ta tsakanin ƙarafan shinge ana hango lilon dawakai an lulluɓe shi da tamfol, ga kuma jirgin nan mai hawa sama ya rikito da mutane, raɓa ta daskare a kan dogonsa ya yi fari fat. A jikin ƙofar an kafa allo, an rubuta cewa sai watan Maris za a buɗe. Abba ya karanta, ya cire tabarau ya goge da hannun babbar rigarsa, ya mayar ya sake karantawa. Umma ko fitowa daga mota ba ta yi ba.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce wasa ne kawai ya wuce mu. To ba haka ba ne. An daɗe Umma tana cewa za ta kwashe mu, ni da ƙanina Mubarak, ta mayar da mu Kano mu yi karatu a can, Abba ya zauna ya ci gaba da aikinsa na akanta. Abba ba ya so. Ni ma ba na so, don a lokacin ba ni da aboki kamarsa. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini, amma bangon flat ɗinmu na Sparkhill bai fi kwali kauri ba, duk abin da aka faɗa a kicin ana ji a ɗakinmu.

A hawa na biyu muke, bayan Stratford Road, ba tsakar gida, ba ko wurin shanya. Wanki a jikin hita yake bushewa, gidan kullum yana warin danshi da daddawa. Aikina da safe shi ne in goge gumin da ya kwanta a gilashin taga kafin ya zama baƙi-baƙi a jikin katako, da yamma kuma wanke-wanke da saukar da shara. Wasanmu a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakuna muke yi, ƙwallon safa da tsere a kan gwiwa, har sai tsohon da ke ƙasanmu ya doki silinsa da sandar mofa. Umma ta koya mini carafke da duwatsun da na tsinto a hanyar makaranta, amma ba ni da abokiyar yi sai ita. In ta yi mana Hausa mu amsa da Turanci, irin na 'yan Birmingham mai fitowa ta hanci. Wannan yana cinta, amma ba abin da yake cinta kamar Sallah.

Sallar shekarar ranar Litinin ta faɗo. Aka yi idi a wani babban ɗakin taro, kowa da jaket a kan shaddarsa. Ana sallamewa Abba ya tuɓe babbar riga a cikin mota, ya ɗaura nakatayi, ya wuce ofis. Rago kuwa ko ƙahonsa ba mu gani ba, sai daga baya aka karɓo nama a leda daga wurin mahauci. Da Umma ta hau suya, na'urar gano hayaƙi ta dinga ihu, ni kuma aka ɗora ni kan kujera ina yi mata fifita da tawul. Washegari a makaranta wata yarinya ta kama hannuna tana tambaya ko fenti na zubar, alhali lalle ne da aka ɓata dare ana yi mini. Ranar Sallar kuwa Umma ta leƙa taga, tun la'asar gari ya yi duhu, ta ce, “Wannan ba Sallah ba ce, Litinin ce da sabon kaya.” Sai ta shiga ba mu labarin yawon Sallah a gida, yara rukuni-rukuni ana bin dangi, a ƙare a gidan zu ana layin hawa lilo.

Maganar lilon nan Abba ya riƙe. “In dai lilo ne, ai nan ma akwai, wanda na gidan zu ko ƙafarsa bai kama ba.” Ya taɓa kai mu wurin lokacin zafi, ya san hanya. Ya kira Baffa Lawan ya ce a haɗu a tsakiya, kowa ya zo da kayan Sallarsa. Bai kira wurin ya tambaya ba, bai duba komai ba. Mutum ne da ba ya barin lissafi da kuskure, amma bai taɓa kawowa a ransa ba cewa akwai inda ake rufe wurin wasa a makon Sallah. A gida ai lokacin ne kasuwarsu take ci. Umma ba ta yi musu ba. Ta tashi ta yi waina da miyar taushe, ta cika fulas da kunun gyaɗa, ta sa mana atamfarmu da safa biyu-biyu a ƙarƙashi.

Da muka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofar, Baffa Lawan ne ya fara magana. “Yaya, ashe wurin ka kama mana gaba ɗaya. Ka ga ba layi.” Matarsa ta harare shi. Abba ya matsa gaba. Ya girgiza ƙofar, sannan ya bi jikin shingen yana neman wata mashigar, takalminsa na fata yana santsi, iska tana cika masa riga kamar za ta ɗauke shi. Ya yi nisa har ya zama ɗan ƙarami, sannan ya dawo. A cikin motoci muka ci abinci, inji a kunne, ana miƙa kwano ta taga. Wainar ta sandare.

Ni na san abin da ake aunawa ranar, don haka na fita. Na zana gala-gala a kan ƙanƙarar da ke kwaltar da dunduniyar takalmina, na jawo 'ya'yan Baffa, muka hau tsalle. Ina yi ina ɗaga murya da 'yar gurguwar Hausata, “Umma, kalli, muna jin daɗi!” Na faɗi sau biyu, ban yi kuka ba. Can ta sauke gilashi ta ce, “Shigo, Na'ima, leɓenki ya yi baƙi.” A hanyar dawowa Mubarak ya dinga tari. Muna shiga gari Umma ta dubi Abba ta ce, “Ka yi ƙoƙari.” Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Ana rufe makaranta a ƙarshen shekarar karatu muka tafi Kano.

Ba zan yi ƙarya ba, a maganar Sallah Umma ta fi shi gaskiya. Na ga rago da idona, na bi dangi gida-gida har ƙafata ta yi bororo, na hau lilo mai tsatsa mu shida a kujerar mutum uku, kuma ya yi daɗi. Hausar da nake rubutu da ita yanzu ma a can na same ta. Abba yakan zo sau ɗaya a shekara da akwati cike da tsaraba, takalman kullum sun yi mini kaɗan, don da ƙafar bara yake aunawa. A waya hirarmu ba ta wuce “Ya karatu?” da “Lafiya lau.” A hankali ta zama iyakarta ke nan ko muna zaune a ɗaki ɗaya.

Da na gama sakandare na dawo, yanzu ina aiki a wani shago a Selly Oak. Kwanakin baya abokan aikina suka kama musu a kan wuraren wasan da suka fara buɗewa lokacin sanyi, da fitilu da shayi mai zafi. Wata ta ce zalunci ne a tsayar da ma'aikata a waje yini guda hannu yana ƙagewa. Wani ya ce rabin injinan ba sa tashi in sanyi ya yi yawa, sai ka biya kuɗi ka je kallon fitila. Duk gaskiya suka faɗa, ni dai ba ni da haƙurin dogon musu. Na ce su buɗe, ko lilo uku ne, a saya wa ma'aikatan safar hannu. Sallah ba ta zama a wata ɗaya, ga ta nan tana sake gangarowa cikin sanyi, kuma akwai masu yara a garin nan da ba su da inda za su kai su.

Abba yana nan a Sparkhill, gemu ya yi fari. Nakan je ranar Lahadi in dafa masa abinci, ya yi mini godiya kamar baƙuwa, in ce ba komai. Ban ce ƙofar nan ce ta raba mu ba, mai yiwuwa Umma ta riga ta gama shawararta tun kafin mu hau hanya. Amma da a buɗe take, wataƙila da an ƙara mini shekara ɗaya da shi. Ni ko ɗayar ce da na karɓa.