Tafin Kawu a Kan Taya

Jiya a talabijin aka nuna tsohon jirgin ƙasa mai tayar roba, wanda Faransa ta ajiye. Nan take na ji warin roba mai zafi, na tuna Kawu, da ya yi ƙuruciyarsa can yana sauya wa jiragen taya. Yakan ce bayan kowace taya akwai ƙafar ƙarfe a ɓoye, in roba ta fashe ita ke tare jirgin.

Wata la'asar, shekaru da yawa baya, a tashar motar Roxy na riga na zauna a motar zuwa unguwar Treichville da ke hayin gada, jaririna a cinya. Kawu, da ya rako ni, ya dafa taya kamar mai duba zazzaɓi.

"Sauko, 'yata."

Direba ya yi dariya. "Tsoho, tayar nan ta fi ka lafiya!"

"Na ji. In ta fashe, me ke bayanta?"

Na sauko. Har yau ban san ko motar ta haye gada ba, Kawu ya hana ni tambaya.

Jaririn nan ya girma, yanzu shi ke tuƙin mota a wannan hanyar, ga damina ta kama. Allah Ka haskaka kabarin Kawu, Ka dawo mini da yaron nan da ƙafafunsa.